Yadda ake buga gajeren filin golf na faifai mai ramukan kurmi da na sarari

Golf na faifai wasa ne da ake jefa faifan roba daga dandamali zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya kai kwandon da jifa mafi ƙaranci shi ne ya ci. Filin farko da aka tsara domin wasan an kafa shi ne a shekarar 1975 a Oak Grove Park da ke jihar Kalifoniya a Amurka, kuma Ed Headrick, wanda ya ƙirƙiro kwandon mai sarƙa, shi ne ya kafa PDGA, ƙungiyar da ke kula da wasan, a 1976, wadda dokokinta ake bi har yau. Cikakken fili yana da rami 18 (rami a nan shi ne zango ɗaya daga dandamali zuwa kwandonsa), amma gajeren fili galibi rami 9 ne, kowanne tsawonsa tsakanin mita 50 zuwa 90, kuma kusan duka ƙa'idarsu, yawan jifan da ake sa ran a gama rami da su, jifa uku ce. Wato idan ka gama zagaye da jifa 27, ka yi daidai da ƙa'ida.

Irin wannan fili yana yaudarar mutane. Sabon ɗan wasa yana ganin kwando daga inda yake tsaye, sai ya ɗauka ƙarfin dantse ne zai kai shi. Ƙarfi kuwa shi ne abin da aka fi samun rararsa a gajeren fili. Abin da ke raba mai jifa 27 da mai jifa 38 shi ne tambaya guda da ake yi kafin kowane jifa: idan hannuna ya kuskure, ina faifan zai faɗi? Duk matakan da ke tafe a kan wannan tambaya suka doru. Bayanin kuma na mai jifa da hannun dama ne, bahago sai ya juya dama ta zama hagu.

Mataki na farko: ɗauki faifai kaɗan, kuma masu sanyin gudu

A jikin yawancin fayafayai akwai lambobi huɗu, tsarin da kamfanin Innova ya yaɗa. Ta farko gudu ce, daga 1 zuwa 14. Ta biyu shawagi, daga 1 zuwa 7. Ta uku tana nuna yadda faifan ke karkata dama a farkon tafiyarsa lokacin da yake da gudu, daga +1 zuwa -5. Ta huɗu tana nuna yadda yake lanƙwasowa hagu sa'ad da gudunsa ya mutu, daga 0 zuwa 5. Lambar gudu ba alkawarin nisa ba ce, sharaɗi ce: tana gaya maka irin ƙarfin da faifan ke buƙata kafin ya tashi yadda aka ƙera shi. Faifai irin Destroyer mai lamba 12, 5, -1, 3 idan ya shiga hannun wanda bai kai wannan gudun ba, da fitarsa sai ya kwanta hagu ya nutse ƙasa, wataƙila ma bai kai inda faifan kusa zai kai ba.

Don haka uku sun ishe ka. Faifan kusa, mai kaurin baki, irin Aviar mai 2, 3, 0, 1, domin zurawa a kwando da kuma duk jifan da bai wuce mita 60 ba. Faifan matsakaicin zango mai tafiya miƙe, irin Buzzz mai 5, 4, -1, 1 ko Mako3 mai 5, 5, 0, 0, wanda shi ne zai yi maka mafi yawan aiki. Sai faifan nesa mai sauƙin kai, irin Leopard mai 6, 5, -2, 1, domin ramin sarari mafi tsawo. Idan kana son na huɗu, nemi mai taurin kai da ba ya jin iska, irin Zone mai 4, 3, 0, 3. Galibin fayafayai nauyinsu tsakanin giram 165 zuwa 175 ne, mai ƙaramin ƙarfi zai fi jin daɗin wanda ya fi haka sauƙi.

Wanda ke ganin faifan kusa na yara ne, ya tuna gasar duniya ta 2021 a Ogden ta jihar Yuta, inda James Conrad ya zura faifan kusa a kwando daga nisan kusan mita 75 a rami na ƙarshe, ya yi kunnen doki da Paul McBeth, sannan ya lashe kambun.

Zaɓi launi mai ɗaukar ido, ruwan hoda ko ruwan lemo ko shuɗi mai haske. Kore da baƙi da ruwan ƙasa suna ɓacewa a cikin ganye kamar ba a taɓa jefa su ba. Ka rubuta sunanka a cikin faifan. Ka riƙe tawul, domin jiƙaƙƙen faifai yana suɓucewa daga yatsu, da takalmi mai kama ƙasa, da ruwan sha, da ɗan ƙaramin faifan alama da ake ajiyewa a ƙasa don nuna inda faifanka ya tsaya.

Mataki na biyu: ɗumama jiki, ka karanta allo

Minti goma sun isa. Juya kafaɗa da ƙugu, yi jifa marasa ƙarfi da faifan kusa, sannan ka zura kamar goma a kwandon gwaji daga mita huɗu ko biyar. Daga kusa za ka fara, domin hannu ya saba da ganin faifai yana shiga.

A kowane dandamali yawanci akwai allo mai nuna tsawon ramin, ƙa'idarsa, inda iyaka take, da ko akwai mando, wato alamar da ke tilasta faifai ya bi ta wani gefe. Manhajar UDisc ma tana nuna taswirar filaye da yawa. Idan ba ka hango kwando daga dandamali, taka ka je ka gan shi da idonka. Wannan tafiyar ba ɓata lokaci ba ce: tana nuna maka gangaren da ke bayan kwando, ko ramin ruwa, ko mutanen da ke zaune a inda ba ka zata ba. Ba a jifa matuƙar akwai mutum a kan hanya, ko da kana ganin ba za ka kai shi ba. In faifai ya kufce ya nufi wani, ɗaga murya da ƙarfi ka gargaɗe shi nan take.

Mataki na uku: jifa biyu da kusurwa uku

Jifan bayan hannu shi ne ginshiƙi. Ka juya wa kwando gefenka na dama, yatsu huɗu a ƙarƙashin bakin faifai, babban yatsa a sama. Miƙa hannu baya, sannan ka jawo faifan a miƙe ta gaban ƙirji, gwiwar hannu tana gaba, nauyin jiki yana komawa kan ƙafar dama. Ƙugu ne ke fara juyawa, hannu yana biye. Faifan da aka jefa haka yana ƙarewa hagu.

Jifan gefe kuwa kana fuskantar kwando, yatsa biyu a cikin bakin faifai, ka fizge shi da wuyan hannu daga gefen ƙugu, tafin hannu yana kallon sama. Shi yana ƙarewa dama. Ko da mita 30 kawai kake iya kaiwa da shi, ka koye shi, domin a kurmi zai fitar da kai daga wuraren da jifan bayan hannu ba shi da hanya.

Kusurwa kuma uku ce. Ko ka saki faifan a shimfiɗe. Ko ka sunkuyar da gefensa na hagu ƙasa, wato haiza, ya yi baka zuwa hagu. Ko ka ɗaga wannan gefen sama, wato anhaiza, ya karkata dama. Haiza ta fi amana, domin tana tafiya tare da ɗabi'ar faifan. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗaga hancin faifai sama: sai ya hau, iska ta tare shi, ya tsaya cak, ya zubo hagu. Maganinsa shi ne ka sunkuyar da wuyan hannu ƙasa kaɗan lokacin riƙo, kuma ka jawo faifan a tsayi ɗaya daga baya har gaba.

Mataki na huɗu: ramin kurmi

Nan ne ake asarar jifa, don haka nan za mu daɗe.

Da ka hau dandamali, manta da kwando tukuna. Nemi ƙofar farko, wato tazarar da ke tsakanin bishiyoyin da dole faifan ya ratsa. Sau da yawa ba ta wuce mita 15 ko 20 daga inda kake ba. Wanda ya wuce ƙofar farko lafiya, ko da jifansa gajere ne, yana kan hanya. Wanda ya bugi bishiyar farko kuwa, jifa ɗaya ya tafi kuma har yanzu ramin gaba ɗaya yana gabansa. Ka sa ido a tsakiyar tazarar, kada ka kalli bishiyar da kake tsoro, domin hannu yana bin ido.

Rage ƙarfi zuwa kamar kashi biyu cikin uku na abin da kake iyawa. Idan dandamalin gajere ne ko ƙofar ta matse, ka bar ɗaukar gudu gaba ɗaya, ka jefa a tsaye ko da taku ɗaya. Kowane taku da ka ƙara wata dama ce ta karkacewa. Faifai mai sanyin gudu yana da wata fa'ida a nan: idan ya bugi itace, kusa yake faɗuwa. Faifan nesa mai kaifin baki kuwa yana iya tsalle ya shige duhuwa mita ashirin a gefe.

Ka kuma duba sama. Rassa suna yin rufi, kuma yawancin sababbin 'yan wasa gefe da gefe kawai suke aunawa, su manta da shi. A kurmi jifa daidai tsayin ƙirji ko kai ya fi. Idan ƙasa a share take, faifan da ya sauka da wuri ma yakan zame ya ƙara maka 'yan mitoci.

Siffar hanya ita ke zaɓa maka jifa. Hanyar da ta lanƙwasa hagu ta haiza ce, ita ce mafi sauƙi. Wadda ta lanƙwasa dama tana son jifan gefe, ko anhaiza da faifai mai saurin karkata. Miƙaƙƙiyar hanya mai kama da lungu ita ce mai wuya, domin kowane faifai yana son lanƙwasa a ƙarshe. Dabarar da ƙwararru ke yi ita ce su ɗauki faifai mai lamba ta uku -1 ko -2, su sake shi da 'yar haiza: gudunsa zai miƙar da shi ya shimfiɗe, ya tafi sak, ya sauka ba tare da ya gudu hagu sosai ba. Tana buƙatar gwaji a sarari kafin a kawo ta cikin itatuwa.

Sannan tambayar nan ta kuskure. A ce hanya tana da duhuwar ƙaya a hagu, dama kuma bishiyoyi ne jefi-jefi da ƙasa a share. To, ka karkata burinka dama, ko da hakan zai sa ka ɗan yi nisa da kwando. Daga dama kana da jifa na biyu mai tsabta. Daga hagu wataƙila sai ka durƙusa kafin ka fito.

In kuwa ka riga ka shiga duhuwa, nan ne haƙuri ke biya. Za ka hangi wata 'yar kafa tsakanin rassa wadda ta nufi kwando kai tsaye, zuciya ta ce gwada. Kafin ka amsa mata, tambayi kanka: cikin jifa goma, sau nawa zan ratsa wannan kafar? In bai kai bakwai ba, jefa faifan gefe ka dawo kan hanya. Ƙarin jifa ɗaya a kan ƙa'ida ba ya kashe zagaye, ƙarin uku ne ke kashe shi, kuma kusan kullum daga irin wannan kafar yake farawa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Doka ta ba ka wurin tsayawa mai faɗin santimita 20 da tsawon santimita 30 a bayan faifanka, ko bayan faifan alama idan ka ajiye shi a gaban wanda ka jefa. Lokacin sakin faifai dole wani sashe na jikinka da ke ɗauke da kai ya taɓa wannan wurin, kuma kada wani ya fi shi kusa da kwando. Amma ɗaya ƙafar kana iya miƙa ta gefe iyakar iyawarka, ko ka durƙusa a gwiwa ɗaya. Wannan miƙewar sau da yawa ita ke buɗe maka hanya a bayan kututture. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne karya reshe ko tanƙwara shi don ka sami sarari. Faifan da ya maƙale a kan bishiya ana sa alama a ƙasa daidai ƙarƙashinsa a ci gaba, babu tara, sai dai in an sanar cewa dokar mita biyu, mai cin tarar faifan da ya maƙale sama da mita biyu daga ƙasa, tana aiki a filin. Faifan da ya ɓace ana ba shi minti uku na nema. In ba a gan shi ba, tarar jifa ɗaya, a koma inda aka jefo shi. Shi ya sa abokan wasa ke zuba wa faifan juna ido har ya tsaya, su riƙe wata bishiya a matsayin shaida.

Mando kuma alama ce, galibi kibiya a jikin bishiya ko turke, da ke tilasta faifai ya bi ta wani gefe. Wanda ya bi ta ɗaya gefen yana da tarar jifa ɗaya, ya jefa daga wurin da aka tanada, ko daga inda ya jefo in ba a tanadi wuri ba. Kada ka yi wa mando shafa-shafa, ba shi tazara mai kyau.

Bayan ka fito daga ciyawa mai tsawo, duba ƙafafunka saboda kaska.

Mataki na biyar: ramin sarari

Fitowa daga itatuwa zuwa fili fetal yana sa mutum ya saki jiki, ya ce bari in huce. A nan ake yin jifan da ya fi kowanne muni a zagayen, domin babu abin da ke tilasta wa ido ya tsaya wuri ɗaya. Ka ƙirƙiro wa kanka ƙofa: zaɓi wata bishiya mai nisa, ko turke, ko wani gajimare ma, ka nufe shi. Tunda faifanka zai ƙare hagu, nufi dama da kwando da 'yan mitoci, ka bar shi ya lanƙwaso da kansa. Faffaɗar haiza ita ce jifan da ya fi maimaituwa iri ɗaya, kuma sarari ne kaɗai ke ba ka damar yin ta.

Abokin gaba a nan iska ce. Tsinki 'yar ciyawa ka saki ka ga inda ta nufa, ka kuma dubi tutar kwando ko kan bishiyoyi, domin iskar dandamali ba lallai ta zama ta wurin kwando ba. Iskar da ke bugo ka ta gaba tana sa faifai ya ɗaga kuma ya karkata dama fiye da yadda ya saba, sai ka ɗauki mai taurin kai, ka jefa ƙasa-ƙasa. Iskar baya tana danne faifai, ta sa ya lanƙwasa hagu da wuri, sai ka ɗauki mai saurin karkata, ka ba shi ɗan tsayi. Ga iskar gefe, ka'ida ɗaya ce: kada ka nuna mata cikin faifai. Idan tana tahowa daga dama kuma ka yi haiza, za ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗauke shi ta kai shi can hagu. Idan daga hagu take, iskar za ta danne faifan ya faɗi da wuri. A iska mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗen jifa mara tsayi ya fi aminci.

Tudu ma yana canza lissafi. Jifa zuwa sama yana cinye gudu, faifai ya zubo hagu tun bai kai ba, don haka ƙara ƙarfi ko ɗauki mai sauƙin kai. Jifa zuwa gangare kuwa faifan kusa ya wadatar, ka sunkuyar da hancinsa ya bi gangaren, in ba haka ba zai yi ta shawagi har ya wuce kwando da nisa.

Ramukan sarari su ne aka fi ja wa iyaka, da igiya ko titi ko ruwa. Faifan da ya faɗa wajen iyaka yana jawo tarar jifa ɗaya, sai ka ci gaba daga cikin mita ɗaya da inda ya tsallaka, ko ka koma inda ka jefo. Idan iyakar tana hagu, ka tuna can faifanka ke son zuwa dama can, sai ka ninka tazarar da kake ba ta.

Mataki na shida: matsowa da zurawa

A gajeren fili jifa na biyu galibi daga mita 15 zuwa 30 yake. Burinka a nan faifan ya kwanta a gindin kwando, inda na uku ba zai zama abin fargaba ba. Yi shi a tsaye da faifan kusa, yatsu a baje a ƙarƙashinsa, ka sauke shi a shimfiɗe. Faifan da ya sauka a kan bakinsa yana iya miƙewa ya gangara, musamman in kwandon a kan tudu yake.

Cikin mita 10 daga kwando doka ta canza. Bayan ka saki faifai, dole ka nuna ka tsaya daram a bayan alamarka kafin ka taka gaba. Faɗawa gaba laifi ne mai tarar jifa ɗaya. Idan nisanka ya wuce mita 10 kana iya bin faifan da taku ko tsalle, muddin ka sake shi kafin ƙafarka ta bar wurinta.

Wajen zurawa, fuskanci kwando, ƙafar dama a gaba, nauyi a baya. Zaɓi zobe ɗaya na sarƙa a tsakiya, ɗan sama da bakin kwando, ka tura faifan daga cibiya zuwa gare shi, hannu ya ƙare a miƙe yana nuna zoben. Kada ka tausaya masa, faifan da bai kai ba ba ya shiga. Da iskar gaba nufi ƙasa kaɗan domin za ta ɗaga shi, da iskar baya nufi sama kaɗan. Rami yana ƙarewa ne idan faifan ya tsaya a cikin kwando ko a cikin sarƙoƙi. Wanda ya kwanta a kan rufin kwandon bai shiga ba.

Akwai lokacin da ba a neman shiga. Kana mita 12, bayan kwando gangare ne ko ruwa, iska tana kaɗawa: ajiye faifan a gindin turke, ka ɗauki jifa ukunka ka wuce. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mara haɗari kuwa, nema da gaske, domin ko ka kuskure, dawowar ba ta da nisa.

Tsarin bi da bi da rubuta maki

A dandamali, wanda ya fi ƙarancin jifa a ramin baya shi ke farawa. Bayan haka, wanda faifansa ya fi nisa da kwando shi ke jifa, sauran su tsaya a bayansa, ba motsi ba surutu. Doka ta ba kowa ɗan ƙayyadadden lokaci na yin jifa idan layinsa ya zo kuma hanya ta share. In ƙungiyarku tana da jinkiri, ku bar na bayanku su wuce. Ka cire faifanka daga kwando kafin na gaba ya zura.

Rubuta maki a dandamalin rami na gaba, kowa ya faɗi nasa da baki, haɗe da tara. Kusa da kowace lamba ka ɗan sa alamar abin da ya jawo ƙarin jifa: bishiyar farko, iyaka, iska, ko zurawa. Tunda rami tara ba ya cin awa guda a yawancin lokuta, sake zagayawa nan take, amma wannan karon da faifan kusa kaɗai ko na matsakaicin zango kaɗai, ka kwatanta makin zagayen biyu rami da rami. Ramukan da faifai ɗaya ya yi daidai da jakar gaba ɗaya, ko ya fi ta, su ne waɗanda za ka sauya faifan da kake ɗauka a dandamalinsu a zuwa na gaba.